Ba Kakanmu Ne Ya Haƙa Tsohuwar Rijiya Ba

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Gwaggonki Hajara da mutanen gidanta baki ɗaya. Allah ya tsare ki a inda kike, ya tsare ki a hanyar da za ki kama ranar Asabar, ya sauke ki a jami'a lafiya. Mahaifiyarki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya. Tun jiya na ɗauki wayar sau uku ina ajiyewa. In ina jin muryarki bakina ba zai kai maganar nan ƙarshe ba. Mako uku ke nan kina Daura wajen Gwaggonki kina haɗa takardun makaranta, ba ki ga abin da ya faru a gari ba, amma na tabbata kin ji ƙishin-ƙishin. Gara ki ji daga bakina, tun daga tushe.

Tarihi za ki tafi karantawa. Kin sha gaya wa mutane ni na sa miki son sa, da labarin tsohuwar rijiyar bakin fadama da nake ba ku, cewa kakan kakanmu Malam Jatau ne ya haƙa ta. Har kin rubuta labarin a gasar makarantarku ta sakandare kika ci kyauta, ina cikin iyaye ina tafi. Ummi, labarin nan ƙarya ne, kuma ni na ƙirƙire shi. Saboda shi jini ya zuba a bakin rijiyar kwana goma sha uku da suka wuce. Ki nemi wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe.

Kin san garinmu kamar tafin hannunki, amma ki sake duban sa da ni. Rafin da ya ratsa ta yamma da mu ba ya gudu sai da damina. Da rani yashi ne kawai, fadamar ce ke riƙe ɗan danshi. A gefenta rijiyar take, wadda igiyar guga ta cinye duwatsun bakinta har yatsa yana nutsewa a sawun. Ban taɓa ganin ta ƙafe ba. Daga arewa da ita akwai guntun ganuwa, abin da ya rage ke nan. Unguwar Maƙera ce mafi kusa da rijiyar, tamu unguwar kuma tana gabas. Ko wannan zaman kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali wanda ya riga wani zuwa.

Kuskurena na farko na yi shi ina saurayi, sabon malamin firamare. Na kai 'yan ajina Daura suka ga Kusugu. Suka leƙa, suka sha ruwan, aka ba su labarin macijiyar da ke hana ɗiba sai ranar Juma'a da baƙon da ya kashe ta. Na dawo gari ina jin kaina, kamar ni na gano wurin. Kwana biyu bayan nan ina wucewa ta maƙera sai Baba Mati ya kira ni. Shi ne Sarkin Maƙera a lokacin, mahaifin abokina Sale, wanda ku kuke kira Baba Sale.

Ya ce, "Ɗan Malam, an ce ka kai yara ganin rijiyar birni. Madalla. Tamu fa, yaushe za ka kawo su?"

Na ce, "Baba, ai Kusugu duniya ta san da ita. Tamu ta shayar da awaki ce."

Bai ji haushi ba. Ya ajiye awartaki ya ce in zauna. Na zauna a kan wani kututture ina duban agogo. Ya ce maƙera ne suka fara zama a wurin nan, sun biyo rafi suna neman tama, dutsen da ake narkawa a fid da ƙarfe. Babbansu sunansa Dango. Da rani ya yi rafin ya ɗauke, aikinsu kuma ba ya yiwuwa ba ruwa, sai Dango da 'ya'yansa suka haƙa rijiyar. Daga baya manoma da malamai suka zo, aka ba su gabas.

Ya ce, "Sunaye bakwai ne a kaina, daga Dango har zuwa ni, kowa da abin da aka yi a zamaninsa. Sale ƙarfe ya iya, kansa ba ya riƙe magana. Ka zo da alƙalaminka ka ɗauke mini nauyin nan."

Na ce zan dawo ranar Alhamis. Alhamis ta zo na tafi ɗaurin aure. Wadda ta biyo baya na ce ina gyaran jarrabawa. Duk sanda muka haɗu sai ya ce, "Ɗan Malam, ina alƙalamin?" in ce, "Yana nan tafe, Baba." Damina biyu muka yi a haka. Wata safiya ina cikin aji aka aiko cewa Allah ya yi masa rasuwa.

Ummi, a can za su koya miki manyan garuruwa da manyan sarakuna, kuma ki koya da kyau. Amma kada ki raina abin da ke ƙofar gidanku don ba a sa shi a littafi ba. In tsoho ya ce ki zo ki rubuta, ki ajiye abin da kike yi ki tafi a ranar. Ni ba wani babban uzuri ne ya hana ni ba, raini ne da lalaci.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, don na farko sakaci ne, wannan kuwa da gangan na yi. Shekara uku bayan rasuwar Baba Mati wani ɗalibi ya zo daga jami'a da rikoda da littafi, yana bin garuruwan ƙasar Daura yana tattara tarihin kafuwarsu. Dagaci ya turo shi wurina tunda ni ne malamin makaranta. A makon nan kuwa zuciyata a ƙulle take. An yi cacar baki a bakin rijiya kan layin ɗiba, wata mata daga Unguwar Maƙera ta ce wa kakarki, wadda kika ci sunanta, "Ku da kuka zo kuka tarar, har da ɗaga murya?" Mahaifiyata ta dawo gida da tulu ba ruwa, ta shiga ɗaki ba ta ce wa kowa komai ba. A bakin maƙwabta na ji.

Ɗalibin mutum ne mai ladabi. Muka zauna a zauren gidanmu, ya ce, "Malam, an ce mini akwai unguwar maƙera kusa da rijiya. Ina so in fara da su."

Na ce, "Tsohon da ya san wani abu ya rasu. Waɗanda suka rage ba su san komai ba, za ka ɓata lokacinka ne."

Ya yarda da ni. Me zai hana? Ina da takardar shaidar malanta, ina jefa Turanci a magana. Ya danna rikoda, ni kuma na buɗe baki. Na ce wani malami ne, Malam Jatau, ya taso daga arewa ya tarar da mutane cikin ƙishirwa, ya yi kwana bakwai yana addu'a, sannan ya nuna wuri da sandarsa ya fara sara da hannunsa. Malam Jatau kakanmu ne na gaskiya, amma abin da na sani game da shi kawai shi ne ya zo da jaki biyu da allunan karatu. Sauran duk a zaune na ɗinka shi, na ari ƙirar labarin Kusugu, baƙo ya zo ya ba gari ruwa. Ina magana ina jin daɗin yadda maganar ke zama daram.

Da muka gama ya ce, "Malam, ka yarda in sa sunanka a matsayin wanda ya ba da bayani?"

Na ce, "Sa mana."

Na raka shi bakin titi ya hau mota. Na ce a raina takarda ce za ta shiga wani kabad a can nesa, ba mai sake ganin ta. Na ji kamar na rama wa mahaifiyata.

Ga shawarata a nan, kuma kashi biyu ce. Ranar da aka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba. Ranar da aka tambaye ki abin da kika sani amma bai yi wa gidanku daɗi ba, ki faɗe shi yadda yake, ko ki yi shiru, amma kada ki gyara shi. Sannan wata rana ke ce za ki zama mai rikodar. In kin shiga gari za a tura ki wurin mai farar riga, wanda ya iya zance, irina. Ki saurare shi, ki gode masa, sannan ki tashi ki tafi wurin mutanen da ya ce kada ki je. In labari ya zo miki sumul ba gargada, wanda ya ba ki shi kuma jikan gwarzon labarin ne, ki ƙara tambayar mutum uku.

Shekaru suka wuce, aka ba ni hedimasta. Kina goye a lokacin. Wata damina mai ƙarfi ta kayar da bangon aji biyu, yara suka koma karatu a gindin darbejiya. Iyaye suka yarda a yi aikin gayya a ɗaga bangon. Ƙasar gini mai kyau tana kududdufin kudu, da nisa. Ganuwa kuwa ga ta nan kusa, jar ƙasa a tsaye. Na ce a sare ta.

Sale ya same ni ya ce, "Ilu, ganuwar nan kakanni suka ɗora ta da hannu. In ka rushe ta ba mai sake gina ta."

Na ce, "Kakanni sun gama nasu. Yara na karatu a rana."

Maganata ta yi kama da gaskiya, shi ya sa mutane suka bi ni. A rana ta uku, Sale ya tafi kasuwar Mai'adua da lauje da fartanya, masu haƙa suka kai gindin ganuwar ta wajen hanyar rijiya. Sai diga ta fara ƙara. Aka tono kashin maƙera, baƙin dunƙulen nan da ke saura in an narka tama, tuli guda. Tare da shi akwai fasassun bututun yumɓu irin na bakin zugazugi, da tsingaron tukwane. A ƙarƙashin ganuwa suke, Ummi. Ke da za ki karanta tarihi kin san ma'anar wannan. Maƙera suna aiki a wurin tun kafin a ɗora ganuwa, tun kafin garin ya zama gari. Maganar Baba Mati ce ta fito daga ƙasa, ina tsaye a kanta.

Wani daga cikin masu aikin ya ce, "Malam, wannan ba za a nuna wa dagaci ba?"

Na ce, "Shara ce. Ku loda a amalanke ku zuba a zaizayar bakin rafi, ta tare mana ƙasa."

Amalanke biyar aka kwasa. Ruwan farko da ya sauko ya tafi da su.

Ban san yadda zan sa ki ji nauyin wannan ba. Ɗalibin nan na yaudare shi da baki, ana iya ƙaryata baki. Wannan kuwa shaida ce da ta kwana a ƙasa tun zamanin da ba wanda ya sani, ta jira har ta fito, na sa aka zubar da ita cikin yini ɗaya don kada a kama ni. In aikinki ya kai ki ga wani abu da ya rushe abin da kika riga kika faɗa ko kika rubuta, shi za ki fi tsarewa. Ki kira mutane su gani tun kafin zuciyarki ta fara ba ki shawara. Ni da na bari an kira dagaci a lokacin, da kunyar yini ɗaya zan sha.

Bayan wannan sai na riƙa ba da labarin Malam Jatau a ko'ina, a gida, a aji, a taron iyaye. Ina tsammanin so nake in maimaita shi har ni ma in yarda. Baffanki Garba yana yaro lokacin da na fara, ya tashi da shi a matsayin gaskiya, don Yayansa malami ne ya faɗa. Maƙera suna ji suna tsaki, amma ba su ɗauke shi da zafi ba, tunda ruwa kowa na ɗiba. Sale yakan ce mini cikin wasa, "Ilu, malaminka mai sanda ya gaishe mu." In yi dariya.

Bana abin ya daina zama wasa. Wani ɗan garinmu da ke karatu a jami'ar da za ki ya ci karo da kundin ɗalibin nan a ɗakin karatu, ya ga sunan garinmu da nawa, ya ɗauki hoton shafukan a waya ya turo wa Baffanki don ya faranta masa. Garba ya kai aka buga masa a takarda. Dama ya daɗe yana son yin lambu a fadama. Ya zo mini da rana tsaka, fuskarsa cike da murna.

Ya ce, "Yaya, ga shi a rubuce, daga jami'a, da sunanka. Rijiyar gadonmu ce, da filin da ke kewaye da ita. Zan kewaye da waya, in sa injin sola, in kafa allo da sunan Malam Jatau. Mutane su ɗiba safe da yamma, ni zan riƙe makulli."

A nan ya kamata in rufe ƙofar zaure in gaya wa ƙanena gaskiya. Mu biyu ne kawai. Abin da na ce shi ne, "Garba, a dai bi a hankali." Ya ɗauka na amince.

Ranar Talata da safe matan Unguwar Maƙera suka zo da bokitai suka tarar da turaku da waya. Makiyayan da ke shayarwa a nan su ma suka tsaya da shanunsu daga nesa. Kafin la'asar gari ya rabu biyu. Aka aiko mini na tafi da sauri. Na tarar da mutanenmu ta cikin waya, maƙera ta waje, kowa da ƙotar fartanya ko gora. Ba mai ihu, shirun ne ya fi ba ni tsoro. Garba yana ɗaga takardar sama. Sale ya ratso mutane ya tsaya a gabana, kusa har ina jin warin gawayi a rigarsa.

Ya ce, "Ilu, kai ka zauna a gaban mahaifina. Na gan ka da idona a kan kututture. Dube ni, ka faɗa wa mutanen nan wanda ya haƙa rijiyar."

Kowa ya juyo. Na dubi Garba, na dubi 'yan unguwarmu da na koyar da rabinsu. Na ce, "Abin da ke rubuce yana rubuce."

Ban rufe baki ba wani ya kama turke ya jijjiga, sai dutse ya taso daga bayana. Ya sami Lawal, babban ɗan Sale, mai 'ya'ya uku, a gefen ido. Ya faɗi a kan duwatsun bakin rijiya. Jinin da na gani ban taɓa ganin irinsa daga kan mutum ba. Da dagaci da liman ba su iso a daidai lokacin suka shiga tsakani ba, da ba Lawal kaɗai za a ɗauka ba. Aka ɗora shi a babur, wani ya riƙe shi ta baya, aka yi asibiti da shi a Daura. Kina cikin garin a ranar, ba ki sani ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan ki ga irinsu. Maƙera suka daina zuwa masallacinmu. Mata ba sa aiken kowa ƙetaren hanya. Kullum da jita-jitar da za ta iso, yau a ce Lawal ya cika, gobe a ce za a ƙone rumbunan unguwarmu. Samarinmu suka fara tara duwatsu a bayan katanga. Hakimi ya aiko cewa kowa ya hallara ranar Litinin.

Mahaifiyarki ce ta tsare ni. Ta kawo abinci ta ga na jiya yana nan a rufe. Ta zauna ta ce, "Malam, wannan ba tausayin Lawal kaɗai ba ne. Me ka sani?"

Na gaya mata duka. Sannan ta ce, "Shekara nawa ina ba 'ya'yana labarin nan da bakina." Ta tashi ta ɗauki kwanon, a bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ba ni za ka faɗa wa ba. Ka san inda za ka faɗa."

Ranar Litinin zauren hakimi ya cika har waje. Garba ya miƙa takardarsa, aka karanta a fili. Hakimi ya ɗago ya ce, "Malam Iliyasu, sunanka ne a nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sunana ne."

Ya ce, "Abin da ka faɗa wa mai binciken nan, daga wa ka ji shi?"

Ina iya cewa daga mahaifina na ji, ya rasu, ba mai tashe shi ya tambaya. Amsar tana kan harshena a shirye. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ji daga kowa ba. Ƙarya na yi."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Garba ya miƙe tsaye, ya manta inda yake, ya ce, "Yaya, ka san abin da kake faɗa? Tsoro suka ba ka?" Aka zaunar da shi. Na faɗi abin da Baba Mati ya gaya mini. Na faɗi yadda na hana ɗalibin zuwa Unguwar Maƙera. Sannan na faɗi na ƙarƙashin ganuwa, wanda ba wanda ya tambaye ni. Biyu daga cikin waɗanda suka loda amalanken suna zaune a wurin, suka ce haka aka yi. Sale bai taɓa jin wannan ba. Ya dube ni ya ce a hankali, "Har da wannan, Ilu?"

Hakimi ya yanke cewa a cire waya a ranar, rijiya ta gari ce kamar yadda aka gada, ba mai riƙe makullinta. Maganar wanda ya yi jifa kuma an miƙa ta ga hukuma, ana kan bincike. Ni bai ce mini komai ba, ya dai dube ni ya kawar da kai, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

An cire wayar. An sallamo Lawal, yana gida. Idon hagu yana gani dishi-dishi, likita ya ce sai an jira. Maƙera sun dawo masallaci shekaranjiya, amma a sahun baya suke tsayawa su fita da sallama. A unguwarmu wasu sun daina amsa gaisuwata, suna cewa na tozarta kakanmu a gaban jama'a. Baffanki bai yi mini magana ba tun ranar. Ya aiko wa mahaifiyarki cewa ba zai samu kai ki makaranta a motarsa ba kamar yadda ya yi alkawari. Gwaggonki za ta raka ki tasha, ta haɗa ki da direban da ta sani.

Jiya na je maƙera. Sale yana dukan ƙarfe, bai tsaya ba. Na yi sallama, na tambayi jikin Lawal, na ce na zo neman gafara. Ya mayar da ƙarfen wuta ya ce, "Mahaifina ya ce sunaye bakwai zai ba ka. Nawa ka riƙe?"

Na ce, "Ɗaya."

Ya ce, "Ni uku na sani, daga kakan mahaifina zuwa ƙasa." Ya juya ƙarfen a cikin wutar ya ce, "Ka je, Ilu. Ba yau ba."

Na tafi. Yana da gaskiya, kuma zan koma.

Abin da na koya a makon nan, da furfura a gemuna, shi ne duk ranar da na ɗaga faɗin gaskiya sai ta ƙara tsada, kuma ba ni na biya mafi yawa ba. A zaure da Garba, kunya ce kawai a gaban ƙanena. A bakin rijiya, kunya ce a gaban gari. Na ƙi duka biyun, sai Lawal ya biya da idonsa. In kin yi kuskure a can, a karatu ko a zama da mutane, ki faɗe shi tun yana tsakaninki da mutum ɗaya.

Kada ki riƙe Baffanki a zuciya. Bai yi ƙarya ba, Yayansa ya gaskata. Ki kira shi kafin ki tafi ki yi masa sallama. In bai ɗauka ba ki sake kira, in ya ƙi ki ba Gwaggonki saƙon gaisuwa. Kada kuma kunyata ta sa ki sauya abin da za ki karanta. Garin nan yana bukatar wanda zai yi aikin da kyau fiye da da.

Saura roƙo ɗaya, kuma mai nauyi ne. A cikin ambulan ɗin nan akwai wata takarda daban. Na rubuta a ciki cewa bayanin da na bayar ƙarya ne, na rubuta abin da na ji daga Baba Mati da abin da aka tono a gindin ganuwa, na sa hannu, dagaci da liman sun sa nasu a matsayin shaidu. Kundin nan yana nan a ɗakin karatun jami'arku, duk wanda ya buɗe shi zai ɗauka gaskiya ya karanta. In kin zauna kin san malamanki, ki nemi wanda kika ga ya fi natsuwa a cikinsu, ki kai masa takardar, ki tambaye shi yadda ake gyara irin wannan. Zai duba sunan da ke ƙasa, ya duba naki, ya tambaye ki ko kin san mutumin. Ba zan gaya miki abin da za ki ji a lokacin ba, don na san shi. Ki ce masa mahaifinki ne.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin zuciya. Allah ya ba ki ilimi mai amfani da harshe mai gaskiya, ya sa ki fi mahaifinki ƙarfin hali. Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki sa Lawal a addu'a, Allah ya mayar masa da ganinsa. Ni ma ki roƙa mini gafara, in kin samu zuciyarki ta sauko.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Iliyasu